Jujin Karkanda

Kakata ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun daga ranar da na yi wayo a gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka har ranar da aka fita da ita a makara, Mai-suna take ce mini. Sauran jikoki kuwa har da ƙari take kiransu: Faisal sarkin ci, Nura uwar ƙiwuya. Na daɗe ina jin haushin abin, har wata rana na kai ƙara wurin Umma ina kumbure-kumbure, na ce ko Kaka ba ta sona ne. Umma ta yi dariya ta ce ai ni ce ma 'yar gaban goshi. Sunan 'yar Kaka ta fari aka sa mini, Hafsatu, kuma macen da ta san kanta ba ta kama sunan ɗan fari ko da an ɗora mata wuƙa a wuya. Na tambaya ina ita wannan Hafsatun take. Umma ta ce tana can inda aka baro ta, in tashi in wanke kwanuka.

Gidan haya ne mai hawa biyu a wani lungu bayan shagunan masu gyaran firji. Baffa Sani, yayan mahaifina, shi da iyalinsa suna ƙasa, mu muna sama, Kaka kuwa mulkinta a kan rufi yake. Suyar gyaɗa ce sana'arta. Duk wanda ya zauna Makka ya san hura wuta ba abin marmari ba ne, don ko bayan magariba bango huci yake yi, amma Kaka ta ce gyaɗar da aka soya da gas ba ta da ƙanshi, ita ba za ta ɓata sunanta ba. Don haka kullum in an idar da salla sai ta ɗora kaskon yashi a kan gawayi, ta miƙe ƙafa, ta ɗaure ɗankwali a goshi saboda gumi. Mu yara mu hau mu murje ɓawo, mu ƙulla a leda. Ladanmu ƙonanniyar gyaɗa da tatsuniya. Daga inda muke zaune ana hango koren hasken agogon Harami, wanda a shekarun nan aka gama ginawa, amma Kaka baya take juya masa, ta ce yana kashe mata ido.

Tana da yadda take buɗe labari. Sai ta buga ludayi a bakin kasko ta ce, "Ga wata nan tafe daga jeji, da ƙaya a jikinta." Mu ce ta shigo mu cire mata. Faisal ɗan Baffa, wanda Hausarsa ba ta wuce ta neman abinci ba, shi kullum cewa yake, "Yalla ya Sitti, bi sur'a," wato ta yi sauri, ita kuma ta ce masa wanda ke sauri ya sauka ya kalli talabijin. In ta gama sai ta ce, "Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka." Duk tatsuniyoyinta tana sauke su, ban da guda ɗaya, ta karkanda.

Kaka ba a littafi ta san karkanda ba. A wani ƙauye aka haife ta can arewacin Kamaru, ƙauyen Hausawa manoma a tsakiyar Fulani, wanda ake kira Mashayar Karkanda saboda wani tabki da dabbar ke saukowa sha a bayan gari. Ta ce tana yarinya sun je itace ta gan ta da idonta, tsaye a cikin sarƙaƙiya tana tauna ƙaya kamar mai cin rake. Ana ce mata baƙa, in ji Kaka, amma ba baƙa ba ce, launin toka ce, sai dai ta ɗauki launin taɓon da ta kwanta a ciki. Ba ta kiwon ciyawa irin na shanu. Leɓenta na sama tsini gare shi, da shi take kamo reshe ta lanƙwasa ta datse. Ƙahonta biyu, babba a gaba, ƙarami a bayansa. A nan Faisal yake tada gardama, don a makaranta an koya musu cewa mai ƙaho ɗaya ce, har sunanta na Larabci haka ya ce. Kaka takan dube shi sama da ƙasa ta ce gani ya kori ji, malamin nasu ya je ya ƙirga in yana da zuciya.

Ga yadda tatsuniyar take, gwargwadon abin da na riƙe.

Wai wata karkanda ce ta ɗauki ciki wata goma sha biyar, ba tara irin namu ba, ta haifi 'ya mace. Ta koya mata duk abin da ta sani: wace ƙaya ake ci, yadda ake birgima a taɓo don ƙuda da kaska, yadda ake sauraron carki, ɗan tsuntsun nan da ke zama a gadon bayansu yana tsince musu kaska, in ya ga mutum ya yi kuwwa. Ta ce mata kada ta amince wa idonta, don su ba su gani da nisa, hanci da kunne ne dukiyarsu. In suna tafiya uwar ce a gaba tana fasa ƙaya da ƙirji, 'yar tana biye. A nan Kaka takan tsaya ta juya gyaɗa, ta ce, "Sai dai mai tafiya a gaba ba ta ganin abin da ke bayanta."

Da 'yar ta shekara biyu zuwa uku, uwar ta sake samun ciki, sai ta kore ta. Ba ƙiyayya ba ce, haka al'adarsu take. 'Yar ta bi ta tana kuka, uwar ta ƙi waiwayowa, don kada namun daji su ce ba ta da kara. Amma kafin su rabu sai ta kai ta juji. Shi jujin nan wuri ne guda da duk karkandar yankin ke zuwa su yi bayan gida, tuli ɗaya, kowacce in ta gama ta tona da ƙafafun baya don warin ya kama ƙafarta ya bi ta duk inda ta taka. In an zo nan mukan fashe da dariya, Nura har da toshe hanci, Kaka kuwa ko murmushi ba ta yi. Sai ta sauya murya ta yi ta uwar:

"Mu ba ma zaman garke irin na ɓauna, kowa da hanyarsa. Amma ki riƙa zuwa nan. In kin ji warina sabo, ina raye. In na ji naki, hankalina ya kwanta."

Haka aka yi ta yi, har wasu mutane suka shigo jejin. Ba nama suke so ba, ƙaho kawai, in sun sare su bar wa ungulu sauran. Ba su ma wahalar da kansu da bin sawu, don sun gane karkanda hanyarta ɗaya zuwa ruwa, jujinta ɗaya. Sai su zauna ta inda iska ba za ta kai mata warinsu ba, su jira. Abin da ke haɗa zumuncin shi ya zama tarko. Warin tsohon namijin ya ɓace daga juji, na gwaggo ya ɓace, na maƙwabciya ya ɓace. Uwar ta gudu ta ƙetare kogi da ɗan jaririnta, ta yi nisa ƙwarai. Amma duk shekara sau ɗaya sai ta tako wannan doguwar hanya ta zo juji, ta shinshina, ta kasa tantancewa saboda damina ta wanke, ta bar nata warin ta koma.

A nan Kaka take tsayar da labarin. Mu ce daga nan fa. Ta ce tana nan tana zuwa. Mu ce ta ga 'yar ko ba ta gan ta ba. Ta ce mai nema yana tare da samu, mu ƙulla gyaɗa dare na yi. Muna jin haushin wannan tatsuniya marar gindi, amma ita muka fi roƙo.

Ni na riga sauran gane wace ce uwar karkanda, don ni ake ɗauka zuwa juji. Duk lokacin aikin Hajji Kaka takan soya gyaɗa buhu guda ta nufi Mina, ita da ƙawarta Hajo mai kunu, wata 'yar Damagaram mai baki kamar reza. Wurin zamansu ɗaya ne kullum, gindin wata gada kusa da tantunan alhazan Afirka, inda Kaka ke da wani dutse da take zama a kai. Tun ina shekara tara ta fara tafiya da ni. Ciniki ba shi ne a gabanta ba. Kunne take kasawa, in ta ji Hausa mai gauraye da Fillanci sai ta miƙa ƙullin gyaɗa kyauta, ta gaisa, ta tambayi daga ina, sannan ta ce ko sun san Mashayar Karkanda. Daga nan sai ta tura ni gaba da gwiwar hannu.

"Gaya musu sunanki."

In na faɗa sai ta ce, "To, mai irin wannan sunan nake cigiya, wadda gwaggonta ta riƙe." Sunan kakana ma ni ke faɗa, don shi kuma miji ne, ba ta kama nasa. Hajo takan ce ita ba ta taɓa ganin cigiya irin wannan ba, mai nema ba ta faɗin wanda take nema, ba ta faɗin ɗan wa ne, sai sunan wata dabba da ba wanda ya sani. Alhazai matasa dariya suke yi, su ce Hajiya karkanda kuma a wannan zamani. Tsofaffi sukan yi tunani, su ce sun taɓa jin sunan, za su bincika in sun koma. Kaka ta ƙara musu gyaɗa.

A bakin Hajo na ji sauran labarin, a ƙarƙashin gadar nan, ranar da Kaka ta tafi alwala. Da aka yaye Hafsatu sai yayar mijin Kaka ta ɗauke ta riƙo, kamar yadda ake yi wa 'yar fari. Da kakana ya ɗaura niyyar Hajji ta ƙasa, gwaggon ta ce ba a kai mata yarinya wannan uwar hanya ba. Kaka tana tsaye, ba ta da bakin cewa a ba ta 'yarta, don da ta faɗa da an yi ta yi da ita a gari har jikokinta. Ta ɗauki kayanta ta bi mijinta, ba ta waiwaya ba, da nufin shekara biyu su dawo. Chadi ta ci nata shekarun, gonakin audugar Sudan suka ci nasu, a can aka haifi Baffa, mahaifina kuma a Makka. Kakana ya rasu, babu takardar da za ta fita da ita ta dawo. Daga baya wani tsohon alhaji ya gaya mata an tashi ƙauyen, hukuma ta mai da wurin gandun daji don a tsare namun da suka rage, mutane sun watsu kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage mata ke nan: sunan da ba ta iya faɗa da garin da babu shi.

Tsaron namun dajin ma bai hana komai ba. Kaka ta taɓa nuna mini wani dattijo ɗan Yaman a kasuwa, da wuƙarsu mai lanƙwasa a ɗamara, ta ce in dubi ƙotar da kyau, ƙahon karkanda ne, ta san shi ko cikin duhu. Ta ce an kori mutane don a tsare dabba, ga dabbar ta riga mutanen zuwa Makka a ƙugun wani. Ba ta ƙara sayen ko allura a shagonsa ba.

Baffa Sani bai taɓa son tafiyar nan ta Mina ba, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. A lokacin Hajji yakan samu aikin ja-gorar alhazai, igamarsa, wato takardar izinin zamansa, a hannun mai gidansa take, kuma kamen masu talla ba tare da izini ba sai ƙara tsanani yake yi kowace shekara. In aka kama uwarsa, ƙasar da ba ta san kowa ba za a jefa ta, shi kuma aikinsa ya tafi. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya sa limamin unguwa ya yi mata magana. Kaka ta saurare su duka da ladabi, Zulhajji na kamawa ta aiki Faisal sayen gawayi.

A ƙarshen shekarar 2011, 'yan kwanaki bayan mun dawo daga Mina, Baffa ya hawo rufi. Ba ya hawowa, hayaƙi na sa shi tari, don haka duk muka bar abin da muke yi. Wayarsa na hannunsa, fuskarsa irin ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya nuna mata hoto, ya ce a labarai ya gani.

"Hajiya, ga karkandar taku. An sanar ta ƙare. Masana sun zagaye dajin nan kaf, ba su ga ko sawu ba. Khalas, ma fi, an gama, babu ita. Abin da ke da fata kamar ƙyauren ƙarfe bai tsira a wurin ba, ke kuma kina zaune cikin rana kina jiran wa?"

Kaka ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido. Ta daɗe tana kallo, ina jin ƙahonin take ƙirgawa. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Jujin ma ba su gani ba?"

Baffa ya ce ba su ga komai ba. Ya karɓi wayarsa ya sauka yana tari. Ban manta ba, kuma ban yafe masa wannan saukar ba, yadda ya bar ta da maganar kamar wanda ya ajiye kwano.

Gyaɗar da ke kan wuta ta ƙone ƙurmus, abin da ban taɓa gani ba a hannun Kaka. Ba ta ce mu sauka ba. Ta sauke kaskon, ta buga ludayi, ta ce ga wata nan tafe daga jeji. Ba wanda ya amsa sai ni. Ta bi tatsuniyar daki-daki, ba ta tsallake komai ba, har inda ta saba tsayawa, sai ta wuce. Ta ce wata shekara uwar ta zo ta tarar ciyawa ta fito a kan juji har gwiwa. Ta zagaya ta shinshina, ba warin kowa, ko nata na bara babu. Sai uwar ta ce ashe ni kaɗai nake ta wannan wahala. Ta juya ta ƙetare kogi, ba ta ƙara dawowa ba.

"Na sauke ta nan," in ji Kaka. "Kada kowa ya ɗauka."

Mun yi shekaru muna roƙon ƙarshen labari, ga shi an ba mu. Nura ta fara kuka ba ta san dalili ba. Faisal ya tambaye ni da Larabci me ta ce.

Da Hajji ta zagayo Baffa bai ma buɗe baki ba. Kaka ba ta aiki kowa sayen gawayi ba. Na tambaye ta, ta ce gwiwa. Hajo ta zo har gida da bokitin kununta ta yi ta masifa a tsakar gida, ta ce yaushe aka fara ɗaura rayuwar mutum a ƙahon dabba, Kaka ta ce ta je Allah ya ba da kasuwa. Hajo ta tafi ita kaɗai, ba ta dawo ba. Bayan Salla muka ji askarawa, wato jami'an tsaro, sun kwashe masu talla a Mina, an mai da ita Nijar. Baffa ya ce kun gani ko. Kowa ya ce Allah ya tsare Hajiya, ya yaba wa hangen nesan Baffa.

Kaka ta ci gaba da suyarta, ta ci gaba da tatsuniya, ta kura da ta 'yar sarkin ruwa da sauransu, amma ta karkanda ba ta ƙara fitowa daga jeji ba. Bayan shekara biyu ta kwanta ciwon ajali. Ni ke jinyarta, kuma ina ta kasa kunne ko zafin ciwo zai sa sunan ya kuɓuce mata sau ɗaya. Bai kuɓuce ba. Maganarta ta ƙarshe da ni, Mai-suna ta ce, in ba ta ruwa.

A Hajjin 2018 na samu aikin tafinta a wani tantin duba marasa lafiya a Mina, ina juya wa likitoci Hausa zuwa Larabci. Ranar jifa ta biyu aka shigo da wata tsohuwa cikin atamfar alhazan Nijar, ƙafarta ta kumbura. Ina tambayarta ina ke ciwo sai ta kama hannuna ta ce, "Mai-suna?" Hajo ce. Ɗanta ya biya mata, ta zo da fasfo kamar kowa. Ta tambayi Kaka, na gaya mata. Ta yi kuka har likita ya fita ya ba mu wuri, kuma na lura kukan ya fi na rashin ƙawa.

Ta ce shekarar da Kaka ba ta zo ba, wata mata ta zo gindin gada. Cikin kayan alhazan Kamaru take, za ta kai hamsin, da wushirya irin ta Kaka, sunanta Hafsatu. Tana tambayar tsohuwa mai gyaɗa da ke cigiyar Mashayar Karkanda. Alhazai biyu ne suka kai mata labari, shekara daban-daban, ta yi ta tara kuɗi har Allah ya nufa ta zo. Ashe duk gyaɗar nan da aka yi ta rabawa kyauta ba ta tafi a banza ba. Hajo ta ce mata ta kwantar da hankali, gobe bayan jifa za ta kai ta Rusaifa har ɗaki. Hajo ba ta riƙe waya, ƙafarta ce wayarta. Matar ta zauna a kan dutsen Kaka tun hantsi har rana ta faɗi, sannan ta koma cikin ayarinsu. Da asuba askarawa suka zo.

Hajo ta ce daga Nijar ta aiko da saƙo ta bakin wani direba. Bai iso ba, ko kuwa ya iso ya tsaya a hawan ƙasa wurin Baffa. Ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba. Sunan garin da matar ta faɗa ya ɓace mata, sai dai wajen Garwa ne.

Na ce to yaya aka yi ta tabbata ita ce, Hafsatu ai ba ɗaya ba ce a duniya. Hajo ta share hawaye da bakin mayafi.

"Ita ce ta tambaye ni, wai tsohuwar tana kiran sunanta? Na ce wallahi ban taɓa ji ba, shekara da shekaru, jikarta take kawowa ta faɗa mata. Sai ta rufe fuska ta ce, to ita ce. Uwata ce."

Ranar na zagaya tantunan Kamaru ɗaya bayan ɗaya ina faɗin sunana kamar mahaukaciya. An ba ni ruwa, an yi mini addu'a, an ce za a bincika in an koma.

Daga baya na nemi sanin abin da Baffa ya karanta a wayarsa. Bai yi ƙarya ba, amma rabi ya kawo. Irin ta yammacin Afirka ce ta ƙare, ta dajin su Kaka. Baƙar karkanda tana nan saura a gabas da kudu, masu bindiga na gadinta dare da rana, wasu har yanke musu ƙaho ake yi da zarto don kada a kashe su saboda shi. Ƙahon ma ashe ba ƙashi ba ne, abu ɗaya ne da farce da gashi, in an yanke yana sake tsirowa. Saboda farce aka share dabbar da ta riga kakannin kakanninmu zama a wannan jeji. A shekarar da na haɗu da Hajo har jirgi aka sa aka kai wasu Chadi daga kudu don a raya iri, yawancinsu suka mutu. Ihu bayan hari ke nan, kuma ni ma nawa zagayen tantunan ba shi da wani suna.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kan mugayen maharba take. Yanzu abin da ke ci mini rai shi ne jujin bai yi ƙarya ba. Saƙo ya tafi, saƙo ya isa, wadda aka kira ta amsa. Shekara ɗaya tak aka rasa mai jira. Ban ga laifin Kaka ba, ta zauna a kan dutsen nan tun ba a haife ni ba, kuma ba rana ce ta kore ta ba, ba askarawa ba, magana ce daga bakin ɗanta. Ina jin haushin Baffa, ina jin haushin gwaggon da ban sani ba, ina jin haushin garin da ya tsaya yana kallon yarinya mai shekara ashirin ta juya wa 'yarta baya yana yaba mata da kunya. Abin da ya fi ƙona ni, kunyar nan da ta raba su ita ce shaidar da 'yar ta gane uwarta da ita. Na rasa inda zan ajiye wannan.

Yanzu ina da 'ya, ta fari. Sunan Kaka na sa mata, Zulai, ka ga hani ya zama biyu ke nan, ga ta 'yar fari ga ta mai sunan manya. Dangi sun yi ta kawo laƙabi, na ce su riƙe abinsu. In magariba ta yi tana wasa a lungu, daga kan rufi nake leƙawa in kira ta da sunanta, da ƙarfi, har masu gyaran firji su ɗago kai. A gabana take tafiya in mun fita, ba a bayana ba. Umma ta ce ba ni da kunya. Na ce mata gaskiya ne, a gindin gadar Mina na baro ta.